Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Yadda Na Kalli Maro Itoje Daga Bako

Ranar Juma'a 25 ga Yuli, 2025, muna idar da sallar asuba direba ya tayar da mota daga Kano, muka nufi Yola. A jakata akwai kayan sawa kala biyu, da littafin rubutu, da ƙullin goron da mahaifiyata ta ba ni in kai wa yayanta. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni abin da zai kai ni Adamawa da tsakiyar damina. Na ce masa wasa zan je kallo. Ya ce a wane fili? Na ce a Melbon ta ƙasar Ostireliya za a buga shi, amma a Bako zan kalla. Ya dube ni da kyau, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Wasan shi ne zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, abokan hamayya na tare mutum suna kayar da shi. Wanda nake son yin rubutu a kansa kuma shi ne Maro Itoje, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan. A watan Mayun 2025 aka naɗa shi kyaftin ɗin Zakunan Birtaniya da Ayalan, tawagar da ake tsamo gwanayen ƙasashe huɗu a haɗa, wadda tun 1888 take fita wasa ƙetare. Shi ne baƙar fata na farko da aka damƙa wa wannan jagoranci. Na karanta abin da hannuna ya kai a kansa, na haddace shekaru da kofuna, amma ainihin aikin da yake yi a cikin fili ya ƙi bayyana gare ni. A duk danginmu mutum ɗaya ne ya san wasan ciki da bai, wato Kawuna, tsohon malamin motsa jiki da ya koyi wasan yana ɗalibi a Zariya, ya yi ritaya ya koma gidan gado a unguwar Bako, cikin garin Yola. Da na kira shi, cewa ya yi: "Wannan ba maganar waya ba ce, ɗana. Taho mu zauna."

A Gombe muka yi Juma'a. Daga nan muka bi Kumo da Billiri da Kaltungo, dutsen Tangale na tsaye a gefenmu ya sha koren damina, muka gangara Cham, muka ratsa gonakin rake, muka isa Numan inda Gongola ke zuba a Binuwai. Ƙasar Bachama ke nan, mutanen da suka yi suna a kokawa tun kaka da kakanni. Ruwa ya cika har ya taɓa gindin bishiyoyin gaɓa. Ana kiran magariba muka shiga tashar Jambutu a Jimeta.

Ina jiran a sauko da jakata idona ya faɗa kan 'yan dako uku suna sauke buhunan masara. Biyu suka kama kunnuwan buhu, suka kaɗa shi sau ɗaya, sau biyu, a na uku suka ɗaga, na ukunsu ya shige ƙarƙashi ya tarbe shi da kafaɗa, ya miƙe ya tafi kamar ba komai a kansa. Babu wanda ya yi magana a cikinsu. Na kalle su na wuce, ban san cewa darasin da na taso daga Kano domin sa ne aka fara biya mini ba.

Baƙo kan ɗauka Jimeta da Yola gari ɗaya ne. Jimeta ce ta bakin kogi, mai kasuwa da ofisoshi da hayaniya. Yola kuwa garin Lamiɗo ne, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, kuma har yau da ka shiga za ka ji muryoyi sun yi ƙasa, gaisuwa ta yi tsawo. Ɗan keke ya bi da ni ta gaban Jami'ar Amurka ta Najeriya, ya sauke ni a bakin wani lungu a Bako. Kawu na zaune a zaure. "Jabbama," ya ce da Fulatanci, sannan ya koma Hausa. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da gaisuwar ƙanwarsa.

Bayan isha'i da tuwo, ya kwance ƙullin goron nan ya ƙirga goma sha biyar a kan tabarma. Ya ware bakwai gefe guda. "Waɗannan 'yan baya ne, masu gudu, su ake tafa wa." Sauran takwas ɗin ya jera su: uku a gaba, biyu a bayansu, uku a kewaye. "Waɗannan su ne 'yan gaba. Kada sunan ya ruɗe ka. A ƙwallon ƙafa ɗan gaba shi ne mai cin ƙwallo. A nan ɗan gaba shi ne mai ɗaukar kaya." Ya ɗora yatsa a kan biyun tsakiya. "Lamba 4 da lamba 5. In an haɗa kai za a yi turereniya, kawunansu a cuse suke tsakanin cinyoyin na gabansu. Ba sa ganin ƙwallo, ba a ganin fuskarsu, amma daga ƙafafunsu ƙarfin yake tasowa. Mutuminka lamba 4 yake sawa."

Ya tambaye ni ko na taɓa ganin ana ɗora jinka a kan ɗaki. Na ce na gani a ƙauye ina yaro. Ya ce to shi ke nan na san zari-ruga. Maza su shige ƙarƙashi, kowa ya kama gefensa, a ɗaga lokaci guda. Wanda ya riga da wanda ya makara duk ɓarna ɗaya suke yi, jinka ta karkace. Sauran dokoki a taƙaice ya ba ni su: minti 80 ake yi, ba a miƙa ƙwallo da hannu sai ta baya, dire ta a bayan layin abokan hamayya maki 5 ne, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun laifi maki 3.

Sai ya ce in biya masa abin da na rubuto. Na buɗe littafina a hasken fitila.

Sunansa na yanka Oghenemaro Miles Itoje, sunan Urhobo daga jihar Delta. An haife shi ranar 28 ga Oktoba, 1994 a Kamden da ke Landan. Bai taɓa ƙwallon zari-ruga ba sai da ya kai shekara 11, a wata makarantar kwana mai suna St George's a garin Harpenden. Kafin nan da bayan nan ya buga ƙwallon kwando da ta ƙafa, ya yi jifan dalma har ya wakilci Ingila a rukunin yara. Daga baya ya samu gurbi a Harrow, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun ƙasar. Kulob ɗin Saracens ya ɗauke shi tun yana ɗan makaranta, kuma har yau bai sauya kulob ba. Yana buga wasa yana karatu, har ya yi digiri a fannin siyasa a SOAS ta Jami'ar Landan, makarantar da ta daɗe tana koyar da Hausa.

Kawu ya ɗaga hannu. "Tsaya nan. Ƙirga mini hannuwan da suka ɗaga shi zuwa yanzu." Na ƙirga: iyayen da suka tsaya a kan karatu, makarantar da ke da fili da ƙwallo, malamin da ya ga doguwar ƙira ya ce zo nan, kulob mai likita da mai horarwa. Ya ce, "Huɗu ke nan, kuma bai ci ko kofi ɗaya ba tukuna. Ci gaba."

A 2014 ya jagoranci matasan Ingila 'yan ƙasa da shekara 20 suka ci kofin duniya a Niyu Zilan, bayan doke Afirka ta Kudu da 21 da 20. A Fabrairun 2016 ya fara buga wa babbar tawagar Ingila, ya shigo daga benci a wasa da Italiya. A shekarar nan Ingila ta cinye duk wasanninta biyar a gasar ƙasashe shida, Saracens ta ɗauki kofin Ingila da na Turai, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Turai yana ɗan shekara 21. A 2017 ya bi Zakuna zuwa Niyu Zilan aka tashi kunnen doki. A 2019, a Yokohama ta Japan, Ingila ta doke Niyu Zilan da 19 da 7 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya, shi ne gwarzon ranar. Mako guda bayan nan Afirka ta Kudu ta Siya Kolisi ta lallasa su da 32 da 12, kofi ya kuɓuce.

Abin da ya biyo baya ya fi jan hankalin Kawu. A ƙarshen 2019 aka samu Saracens da laifin ƙetare iyakar albashin da doka ta yanke, a 2020 aka jefa ta rukuni na biyu. Ɗan wasa irinsa babu kulob ɗin da zai ƙi buɗe masa ƙofa, amma ya zauna, ya buga a ƙananan filaye har suka hauro, suka sake cin kofin Ingila a 2023. A Janairun 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila, wata huɗu bayan nan aka ƙara masa na Zakuna. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Wanda ya tsaya a ƙarƙashin jinka ranar da ta yi nauyi, shi ake ba gaba ranar biki."

Ya tuna mini cewa Itoje ba shi ne farau ba. Victor Ubogu, haifaffen Legas, ya buga wa Ingila sau 24 a sahun gaba. Steve Ojomoh, haifaffen Binin, ya buga sau 12. Maƙwabtanmu na Kamaru su ma sun ba Faransa Serge Betsen, haifaffen Kumba, wanda ya buga mata sau 63, ya kuma kafa gidauniyar kula da yara a gida. "Duk a nan aka haife su," in ji Kawu, "a can aka ɗaga su."

Da safiyar Asabar muka taka zuwa gidan kallon unguwa. Yuli ne, gasannin Turai na hutu, gidan babu ciniki. Mai gidan ya ce ya tanadi man janaretarsa ne domin dare, saboda 'yan matan Super Falcons za su buga wasan ƙarshe da Maroko. Kawu ya sayi man safe da kuɗinsa. Ƙarfe 11 aka take wasa. Mu biyar ne a kan benci da farko. Ƙarar janareta ta jawo wasu, kafin rabin sa'a mun haura ashirin.

Mutum 90,307 ne suka cika filin Melbon. Zakuna sun ci wasan farko cikin uku a Birisben da 27 da 19, in suka ci wannan sun gama. Amma Ostireliya ta fito da zafinta. Suna da wani ƙato mai suna Will Skelton, tsohon abokin Itoje a Saracens, wanda ya fi mita 2 tsawo, duk inda ya dosa sai an taru a kansa. Kafin a ce kwabo sun dire ƙwallo sau uku, ci ya zama 23 da 5. Wani yaro a bayana ya ce, "Wannan ai dambe ne da kokawa aka haɗa!" Wani ya ce, "Baba, wane ne namu a ciki?" Kawu ya nuna dogon nan mai baƙar hular kariya. Daga lokacin gidan kallo ya zama na Zakuna.

Kawu ya matso kunnena ya ce in daina bin ƙwallo da ido, in bi lamba 4 kawai. Na yi haka, sai na ga wani wasa daban da wanda nake kallo ɗazu. Ga shi ya kayar da mutum, ya miƙe, ya koma layi, ya sake kayar da wani. Ga shi ya cusa kai cikin tarin mutane yana kare ƙwallon da ba shi zai ruga da ita ba. Ga dogayen hannuwansa sun zagayo ta gefen cunkoso suna hana ɗan Ostireliya sakewa. Ga shi ya tara mutanensa a ƙarƙashin turaku bayan an ci su, yana magana ba tare da ɗaga hannu ba. Kafin hutun rabin lokaci Tom Curry da Huw Jones suka dire, ci ya dawo 23 da 17.

Sai abin da ya kawo ni Bako ya bayyana. Ƙwallo ta fita, 'yan gaban kowane ɓangare suka jeru sahu biyu, za a jefo ta ta tsakiyarsu. Itoje ya taka gaba, ya ja baya, ya yi tsalle. A daidai wannan ƙiftawar ido mutum biyu suka cafke shi, ɗaya ta gaba a cinya, ɗaya ta baya, suka miƙar da hannuwansu. Mutumin da ya haura kilo 110 ya tashi sama kamar an ɗaga tuta, ya cafe ƙwallo, suka sauke shi a hankali. Gidan kallo ya ɗauki salati. Ni kuwa 'yan dakon Jambutu na gani. Hoton da jaridu za su buga na wanda ke sama ne, amma da ɗaya daga cikin na ƙasa ya makara da rabin daƙiƙa, da babu hoto, da wataƙila sai asibiti.

Tadhg Beirne ya dire a zagaye na biyu, ci ya zama 26 da 24. Saura ƙasa da minti biyu, 'yan gaba suka yi ta kai hari taku-taku, wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har tsaron Ostireliya ya tsage, Hugo Keenan ya sulale ya dire. An tashi 29 da 26. Rabon da Zakuna su yi nasara a irin wannan rangadi tun 2013. Sunan Keenan aka yi ta kira, amma Itoje aka ba gwarzon wasa, alhali bai ci ko maki ɗaya ba.

Muna fitowa wani saurayi ya tare mu. Ba zai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya fi kowa tsawo a wurin, kafaɗunsa kamar ƙofar zaure. Dako yake yi a kasuwa. Ya rusuna ya ce, "Baba, a ina ake koyon wannan?" Kawu ya daɗe bai amsa ba. Najeriya na da tawagar ƙasa, Black Stallions. A Kano akwai kulob ɗin Barewa da ya raini yara da dama. Amma daga Bako zuwa can tafiyar yini ce cur, na yi ta jiya. A ƙarshe ya ce masa, "Ka zo gida mu yi magana."

A hanya Kawu ya faɗi abin da ya fi damunsa. Ƙira ba ta ƙare mana ba. Tana nan a tasha, tana nan a kwalekwalen Binuwai, tana nan a filin kokawar Numan. Abin da ya raba wannan yaro da Itoje ba ƙashi ba ne, ba zuciya ba ce. Wancan yana shekara 11 wani ya miƙa masa ƙwallo da littafi tare. Wannan yana shekara 11 buhu aka miƙa masa. Na gane kuma Itoje da kansa ya san haka, domin gidauniyar da ya kafa a 2023, Pearl Fund, ba ƙwallo take rabawa ba. Kuɗin makaranta take biya wa marayu da 'ya'yan talakawa a Legas, har su gama sakandare. Wanda aka ɗaga ya sauko ya kama cinyar wani.

Da dare 'yan matanmu suka farke ci biyu suka doke Maroko da 3 da 2, suka ɗauki kofin Afirka na goma. Unguwa ta yi ta sowa. Muka kwanta da murna.

Kafin asuba sama ta ɓalle. Gari na wayewa labari ya iso cewa ruwa ya shiga Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate. Na bi mutane zuwa inda ƙafa ke iya kaiwa. Gidaje sun rushe, dukiya ta tafi, daga baya aka tabbatar an rasa mutum fiye da ashirin, da yawansu yara. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba na haɗa wasa da rai, kuma a wannan safiya ko sau ɗaya Melbon ba ta faɗo mini a rai ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Na ga samari sun sarƙe hannuwa sun yi sahu a cikin ruwan da ya kai musu ƙirji, ana miƙo yara daga hannu zuwa hannu. Na ga biyu sun ɗaga na uku ya haye katanga ya sauko da wata tsohuwa. A tsakiyar sahun, inda ruwan ya fi ja, na hango dogon yaron jiya. Babu wanda ya rubuta sunansa, babu wanda ya tafa masa.

Ranar Talata na yi sallama da Kawu na kamo hanyar Kano. Wasa na uku a gida na kalle shi, ranar 2 ga Agusta. A Sidini ruwa aka yi ta tafkawa, Itoje ya bugu a ka tun a zagayen farko, likitoci suka hana shi komawa, Zakuna suka sha kashi da 22 da 12. Wannan ma yana cikin rayuwar ɗan gaba: kunnuwa su kumbura, yatsu su karkace, kai ya sha bugu, shi ya sa wasan ba ya yiwuwa sai da malami da likita a kusa. Duk da haka ya dawo fili a ƙarshe ya ɗaga kofin tare da mutanensa.

Na tafi Bako ne in rubuta labarin gwarzo guda. Na dawo na kasa rubuta shi shi kaɗai, domin duk inda na taɓa a rayuwarsa sai in tarar da hannuwan wasu a ƙarƙashi. Samarin da na gani a cikin ruwa sun riga sun iya ɗaga juna, babu wanda ya koya musu. Mu manya ne bashin ke kanmu: shugaban makarantar da ke da fili ya bar shi ya zama juji, attajirin da zai iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya, hukumar wasannin da ba ta ganin kowace ƙwallo sai zagayayya.

Mako biyu bayan nan Kawu ya kira ni. Ya ce in nemo masa ƙwallon zari-ruga a Kano, ko tsohuwa ce. Na samo guda, na naɗe ta a buhu, na kai tasha na damƙa wa direban Yola. Na tambayi Kawu yara nawa suka zo. Ya ce dogon nan ya zo da abokansa shida, suna haɗuwa bayan la'asar, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, duk wanda zai taɓa ƙwallo sai ya koma aji.

"Bakwai ke nan," na ce.

"Bakwai," in ji shi. "Saura ɗaya mu ɗauki jinka."